Randa Tsakanin Gargajiya da Zamani: Tarihin Tukwanen Abuja da Firjin Tukunya

A yau za mu waiwayi tarihin wata tsohuwar sana'a ce, wato ginin tukwane, mu ga yadda aka yi ƙoƙarin raya ta da dabarun zamani, da abin da aka samu da kuma abin da aka rasa a wannan ƙoƙari.

Mai sauraro, ko kana zangon Kumasi ne, ko Garwa, ko Jidda, ko kuwa Landan, idan wani ɗan'uwa ya zo maka daga Najeriya, ka roƙe shi ya nuna maka takardar naira 20. A gabanta akwai hoton marigayi Janar Murtala Muhammed. Idan ka juya bayanta kuwa za ka ga wata mata tana aikin tukunya. Wannan mata ita ce Ladi Kwali, kuma tun shekarar 2007 hotonta yake a kan wannan takarda. Tambayar da za mu bi a yau ita ce, yaya aka yi maginiyar tukwane da ba ta taɓa zama a aji ba ta kai ga wannan matsayi, alhali sana'ar da ta ɗaukaka ta sai ja da baya take yi a ƙauyuka da birane?

An haifi Ladi ne wajejen shekarar 1925 a ƙauyen Kwali da ke ƙasar Gwari, mutanen da ke kiran kansu Gbagyi ko Gbari, wanda a yau yana cikin yankin babban birnin tarayyar Najeriya. A wannan ƙasa ginin tukwane sana'ar mata ce, kuma Ladi ta koye ta tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Ba su da wani inji. Maginiya za ta ɗora curin yumɓu a ƙasa, ta huda tsakiyarsa da hannu, ta riƙa jawo shi sama tana zagaya shi da ƙafa, tana ƙara masa yumɓun da ta murza kamar igiya, har randa ta tashi. Wato a nan tukunya na zaune ne wuri ɗaya, mai ginin ce ke juyawa. Idan ta sha iska sai a yi mata zane da ɗan tsinke ko murzajjen zare, sannan a tara tukwanen a fili, a lulluɓe su da itace da ciyawa a cinna wuta. Da zafinsu akan yayyafa musu ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, wanda ke ba su duhu da ɗan sheƙi.

To a nan ne kimiyya ta shigo. Wutar fili irin wannan zafinta bai cika wuce digiri 600 zuwa 800 a ma'aunin Selsiyus ba. Wannan zafi ya isa ya mayar da yumɓu abin da ruwa ba zai sake narkar da shi ba, amma bai isa ya toshe 'yan ƙananan ƙofofin da ke jikinsa ba, waɗanda ido ba ya iya gani. Ta waɗannan ƙofofi ne ruwa ke tsattsafowa zuwa bayan randa, abin da iyayenmu ke cewa randa na gumi. Kafin wannan danshi ya bi iska sai ya ɗebi zafi daga jikin randar da ruwan da ke cikinta. A lissafin masana, idan gram 100 kacal na ruwa ya bi iska daga randa mai cin lita 10, zafin da ya tafi da shi ya isa ya sauke zafin ruwan da kusan digiri 6, ko da yake zafin ɗaki na ci gaba da shigowa yana rage wannan riba. Kun ji dalilin da ya sa ruwan randar kaka yake da sanyi a tsakiyar bazara. Kazalika waɗannan ƙofofi, tare da yashi ko dakakken tsingaron da ake cuɗawa da yumɓu, su ne ke bai wa tukunyar miya damar zama a kan murhu ba tare da ta tsage ba. Mu riƙe wannan bayani, domin za mu dawo kansa.

Mutum na biyu a wannan labari wani Baturen Ingila ne mai suna Michael Cardew, wanda aka haifa a shekarar 1901. Ya yi karatu a jami'ar Oxford, amma sai ya zaɓi ginin tukwane, inda a 1923 ya shiga koyon aiki a hannun Bernard Leach a garin St Ives. Shi kuwa Leach a ƙasar Japan ya koyi sana'ar, kuma yana da kusanci da wasu masana na can, irin su Yanagi Soetsu, waɗanda a shekarun 1920 suka tayar da wata fafutika da ake kira Mingei. Ra'ayinsu shi ne, kyawun gaske yana cikin kayan amfanin yau da kullum da talakawa ke yi da hannu, kuma kayan masana'antu na neman shafe su. Da wannan tunani Cardew ya taso.

Masu sauraronmu na Ghana za su so su ji cewa ƙasarsu ce zangonsa na farko a Afirka. A shekarar 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, lokacin da kayan Turai suka yi wuyar zuwa, aka kai shi kwalejin Achimota domin ya kula da wata masana'antar tayil da kwanukan ƙasa a Alajo, kusa da Ankara. Masana'antar ba ta yi riba ba, aka rufe ta a 1945. Daga nan ya koma ƙauyen Vume a bakin kogin Volta, inda mata suka shahara da ginin tukwane, ya kafa tasa da kuɗinsa, ya yi ta fama da rashin lafiya da fashewar kaya a wuta har ya koma gida a 1948.

A shekarar 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Najeriya ta ɗauke shi a matsayin jami'in kula da harkar tukwane, ta ce ya zagaya ƙasa ya ba da shawarar yadda za a inganta sana'ar. Abin sha'awa shi ne, bayan ya zagaya sai ya nuna wa hukuma cewa tukwanen gargajiya ba su buƙatar gyara, domin suna da araha, suna jure wuta, suna kuma sanyaya ruwa. Abin da ya ba da shawara a yi shi ne a kafa wata sabuwar sana'a a gefe, wadda za ta riƙa yin kofuna da farantai da butocin shayi masu ƙyalli, domin ma'aikata da 'yan boko da ke sayen tangaran daga waje. A wannan zagaye ne ya ga wasu randuna a fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, masu zanen ƙadangare da kada da kunama da hawainiya da kifi, ya tambayi wanda ya yi su, aka ce masa wata mata ce a Kwali.

A nan sai a lura, Abujar wancan lokaci ita ce garin da a yau ake kira Suleja a jihar Neja. An canza mata suna ne bayan da aka ɗauki sunan Abuja aka bai wa sabon babban birnin da aka yanke shawarar ginawa a 1976. Cardew ya zaɓi garin ne saboda akwai yumɓu mai kyau da itace da ruwa, ga kuma goyon bayan sarki, inda aka buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a shekarar 1952.

Abubuwa uku ne sababbi a wannan cibiya. Na farko shi ne faifan juyi da ake turawa da ƙafa, wanda a kansa tukunya ce ke juyawa mai gini na zaune. Na biyu shi ne rufaffen tanderu na bulo, wanda ake ta zuba wa itace har zafinsa ya kai wajen digiri 1,250 zuwa 1,300. Na uku kuma shi ne shafen gilashi, wanda ake haɗawa da toka da niƙaƙƙen dutse da yumɓu, a shafa wa tukunya, idan ya ji wuta ya narke ya zama ƙyalli. Kowane kaya da ya fito akan buga masa hatimi mai sunan Abuja da rubutun ajami, a gefensa kuma alamar wanda ya gina shi.

Da farko maza zalla aka ɗauka. Sai a shekarar 1954 Ladi Kwali ta shiga, ta zama mace ta farko a wurin. Ta koyi aikin faifai, ta yi kwanuka da kofuna da butoci. To amma abin da ya fitar da sunanta shi ne randunan da ta ci gaba da ginawa da hannu kamar yadda ta koya a Kwali, sai dai yanzu da yumɓun da ke jure babbar wuta. Takan zana dabbobinta, a cike layukan zanen da farar ƙasa, a shafe randar da gilashi mai nuna abin da ke ƙarƙashinsa, sannan a saka a tanderu. Kafin Cardew ya yi ritaya a 1965, wasu mata huɗu sun bi sahunta, wato Halima Audu da Lami Toto da Asibi Ido da Kande Ushafa, inda suke aiki tare a wani ɗaki da ake kira Ɗakin Gwari.

Daga nan sai duniya ta san da ita. An baje kolin kayan Abuja a zauren Berkeley da ke Landan a shekarun 1958 da 1959 da 1962. Ladi da kanta ta je Ingila ta gina randa a gaban ɗalibai da malamai, sannan a 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, gwamnatin Najeriya kuma ta ba ta lambar yabo ta ƙasa ta masu hazaƙa a 1980 da lambar OON a 1981. Magdalene Odundo, haifaffiyar Kenya wadda a yau tana cikin fitattun masu ginin tukwane na duniya, ta zo Abuja a 1974 ta koyi aiki a hannunta. Ladi ta rasu a Minna ranar 12 ga watan Agusta na 1984, shekara guda bayan mutuwar Cardew.

To sai dai kuma mai sauraro, bari mu koma ga waccan kimiyya da muka ce a riƙe. Idan zafin wuta ya haura digiri 1,200, wasu sinadarai da ke cikin yumɓu sukan narke su cike 'yan ƙofofin nan, tukunya ta zama kamar dutse. Tukunyar gargajiya takan sha ruwan da ya kai kashi 10 cikin 100 na nauyinta ko fiye, wannan kuwa da ƙyar take shan kashi 2 ko 3, ga kuma gilashi da ya rufe ta ruf. Saboda haka sabuwar randar Ladi ba ta gumi, randar da ba ta gumi kuwa ba ta sanyaya ruwa. Ta yi nauyin da mace ba za ta ɗora ta a kafaɗa ta tafi rafi ba, yadda matan Gwari suka saba ɗaukar kaya. Irin wannan jiki ba ya son harshen wutar murhu. Kuɗinta kuma ya fi ƙarfin mutanen ƙauyen da aka samo siffarta. Waɗanda suka saye ta su ne Turawa da manyan ma'aikata da gidajen adana kayan tarihi, kamar gidan Victoria da Albert na Landan. A taƙaice dai, an ceci siffar randa da zanenta, amma aikinta ya tsaya a ƙofar tanderu.

Wannan ba ya nufin aikin Abuja ya tashi a banza. Shi ne ya sa aka san sunan maginiya, bayan an daɗe ana sayen tukunya ba a tambayar wadda ta gina ta. Ya samar wa mata albashi da mutunci, ya kuma yaye ɗalibai da suka je suka buɗe wuraren aikinsu. A yau randar Ladi Kwali guda ɗaya akan yi gwanjonta a kan dubban fam na Ingila, kuma a shekarar 2022 an sake baje kolin aikinta a Landan. Amma cibiyar da ke Suleja, wadda aka sa wa sunanta, ta yi ta ja da baya bayan rasuwarta, har jaridun Najeriya suka sha ba da rahoton lalacewarta. A can ƙauyuka kuwa, kwanon sha da tukunyar dalma da bokitin roba da jarka suka ci gaba da ture tulu da kasko daga tsakar gida, domin ba su da nauyi kuma ba sa fashewa.

Yanzu sai mu bar Suleja mu nufi Dutse a jihar Jigawa, inda shekaru kamar goma bayan rasuwar Ladi wani malami ya ɓullo wa lamarin ta wata hanya dabam. Marigayi Muhammad Bah Abba ya tashi ne a gidan masu ginin tukwane, yana kuma koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar. Abin da ya dame shi shi ne yadda tumatir da tattasai da ganye ke ruɓewa a hannun manoman da ba su da wutar lantarki, har ya zama dole a ɗora wa 'yan mata talla kullum don a rabu da kayan kafin su lalace, su kuma rasa zuwa makaranta. A tsakiyar shekarun 1990 ya fito da dabarar tukunya cikin tukunya. Za a saka ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin da ruwa, a zuba kayan miya a ta cikin, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan yashin na fita ta jikin babbar tukunya yana bin iska, yana tafiya da zafin abin da ke ciki.

Ka ga ke nan, abin da tanderun Abuja ya toshe, shi ne Bah Abba ya mayar jarinsa. Bai canza yumɓu ba, bai canza wuta ba, bai kawo wani inji ba. Girma da siffar tukwanen kawai ya daidaita domin ɗaya ta zauna a cikin ɗaya, ya bai wa maginan yankin aikin yi. Tukwane 5,000 na farko da kuɗin aljihunsa ya sa aka gina ya raba a ƙauyuka, ya kuma shirya wasan kwaikwayo da ake nunawa da majigi domin mutane su ga yadda ake amfani da su. A gwaje-gwajen da aka ba da rahoto, gauta da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai kuma suka kai mako uku. A shekarar 2000 ya sami kyautar Rolex ta dala 75,000, wadda ta ba shi damar faɗaɗa aikin zuwa wasu jihohi. Masu sauraronmu na Sudan sun san wannan abu da sunan zir, kuma a farkon shekarun 2000 ƙungiyar nan da a yau ake kira Practical Action ta yaɗa shi a yankin Darfur tare da mata masu ginin tukwane.

Ita ma wannan dabara tana da iyakarta. Ruwa ya fi saurin bin iska idan iskar busasshiya ce, don haka firjin tukunya ya fi aiki a wurare irin su Kano da Damagaram da Njamena, musamman da rani, fiye da Kumasi ko Duwala inda iska ke cike da laima. Yana buƙatar a riƙa ƙara masa ruwa sau ɗaya ko sau biyu a rana, kuma sanyinsa bai kai a dogara da shi wajen ajiye ɗanyen nama ba. To amma ko a inda laima ta yi yawa, ƙofofin jikin yumɓu na da wani amfanin. A shekarar 1981 wani masani ɗan ƙasar Gwatamala mai suna Fernando Mazariegos ya ƙirƙiro tukunyar tace ruwa, inda ake cuɗa yumɓu da garin katako ko ɓuntun shinkafa, wuta ta cinye su ta bar ƙananan hanyoyin da ruwa ke bi, datti da akasarin ƙwayoyin cuta su maƙale. An kafa masana'antar irin wannan tukunya a kusa da Tamale da ke arewacin Ghana.

To me wannan tarihi ke koya mana? Ladi Kwali da Bah Abba duk sun haɗa gargajiya da zamani, amma kowa da ƙofar da ya bi. Hanyar Abuja ta ɗauki randa ta kai ta ɗakin baje koli, inda mutum ɗaya mai baiwa zai yi suna, amma kasuwar 'yan tsiraru ce. Hanyar Dutse ta bar tukunya a tsakar gida ta ba ta sabon aiki, inda magina da yawa za su ci abinci ko da ba a san sunansu ba. Sana'a tana buƙatar duka biyun, domin yarinya ba za ta so ta gaji aikin da ake rainawa ba, ba za ta kuma zauna a aikin da babu mai saye ba. Amma idan aka ce a fara da ɗaya, tarihin nan ya nuna cewa duk mai son ya sabunta tukunya, ya fara tambayar kansa me yumɓu ke yi wanda roba da dalma ba za su iya ba. Amsar kuwa tana nan: yana sanyaya ruwa ba da lantarki ba, yana tace shi, yana riƙe zafi a hankali. Shi ya sa har gobe mai waina ke neman tandar ƙasa, amarya kuma ke neman kaskon turare. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Kai kuma mai sauraro, musamman ɗalibanmu da ke karatun zane da injiniya a ƙasashen waje, akwai sauran aiki a gaba. Randar da ake tsoma moɗa a cikinta hannu kan gurɓata ruwanta, amma idan aka ƙuntata bakinta aka yi mata murfi da famfo a gindi, an rage wannan matsala ba tare da an taɓa sanyinta ba. Irin wannan ɗan gyara ba ya buƙatar tanderu mai digiri 1,300, zama da maginiya kawai yake buƙata, a saurari abin da ta sani game da ƙasar da take haƙa. Idan kuma ka je gida hutu ka ga mai tukwane a bakin kasuwa, ka tsaya ka tambaye ta wa ya koya mata, wa kuma take koya wa. Amsar tambaya ta biyun ce za ta gaya maka ko sana'ar na da sauran kwana a garinku.

To jama'a masu sauraro, a nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. Muna maraba da wasiƙunku, musamman daga waɗanda har yanzu ake ginin tukwane a unguwanninsu, ku faɗa mana abin da aka fi saye da abin da aka daina yi. Sai kuma mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, a huta lafiya.